Cukun Tashar Ƙonni da Tukunyar Mutanen Suwis

Wanda ya taɓa kwana a Birnin Ƙonni cikin watan Janairu ya san garin da ya yi suna wajen zafi yana da nasa sanyin. Tun kafin assalatu iskar hunturu takan sauko daga arewa da ƙurarta, ta ratsa tashar mota, ta sa matafiyan da suka kwana bisa hanyar Yamai zuwa Damagaram su duƙunƙune cikin rawani da mayafi. A wannan lokaci teburin mai shayi shi ne fada. Duk wanda ya sauko daga mota can yake nufa, ya ja benci, ya miƙa tafukansa wajen wuta. Ana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, ana fasa ƙwai, ana yanka burodi. Can gefe kuma sai ka hangi wata dattijuwa ko wani yaro da faranti, an jera wasu abubuwa farare masu faɗi, sirara kamar kwali, jikinsu duk zane layi-layi. Cuku ke nan.

Baƙon da ya tsallako daga Sakkwato ta Illelar Najeriya yakan tsaya ya ce, "Inna, wannan fa?" Ita kuma ta ce, "Cuku ne, Alhaji, daga arewa ya zo." Ya taya, ta ce albarka, ya ƙara, ta sallama. A naɗe masa a takarda ko a leda, ya cusa cikin jaka a matsayin tsaraba. Da wuya ka ga wanda ya zauna ya ci shi nan take a matsayin abinci. Na daɗe wannan farantin yana tsaya mini a rai, domin akwai ƙasar da ɗan'uwan wannan abincin na makiyaya ya zama abin da ake gina ɗaki musamman dominsa, a kunna wuta, a gayyato baƙi daga ko'ina cikin duniya su biya kuɗi mai yawa su ci.

Ƙasar ita ce Suwizalan, wadda mu a Nijar muka fi kira Suwis. Ba ta da teku, kamar yadda ba mu da shi, kuma tsaunukan Alp sun cinye fiye da rabinta. A ƙauyukan jihohin Fribourg da Valais, har ma a tsakiyar Jeneba da Zurich, akwai ƙananan gidajen abinci da aka lulluɓe bangonsu da katako, aka rataye ƙararrawar wuyan shanu a jikin ginshiƙi, teburori kusa da juna har kafaɗa na gogar kafaɗa. A waje ƙanƙara ta rufe ƙasa, a ciki kuwa ƙamshin narkakken cuku ne ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa.

Abin da aka fi zuwa ci shi ne fondu. Akan ɗauko tukunya mai kauri mai mariƙi guda, a goga mata tafarnuwa a ciki, a zuba gurzajjen cuku, sau da yawa rabi Gruyère rabi Vacherin na Fribourg, a yi ta juyawa bisa wuta har ya narke ya yi yauƙi. Sai a kawo tukunyar tsakiyar tebur a ɗora kan ƙaramin murhu don kada ta huce. Kowa na da dogon cokali mai yatsu, ya soki gutsuren burodi, ya tsoma, ya juya, ya kai baki. Tukunya ɗaya ce ga kowa da kowa, kamar yadda muke zagaye akushin tuwo. Idan an kai ƙasa akwai ƙanzo, kuma su ma, kamar yaranmu, ƙanzon ne suke rububi. Wajibi ne Musulmin da ya je can ya sani cewa yawancin fondu da farar giyar inabi ake narka shi, kuma naman da ake jerawa a gefe wani lokaci akwai na alade a ciki, saboda haka sai ya tambaya kafin ya sa hannu. Mutanen Fribourg suna da wani nau'i da ake yi da cukun Vacherin zalla, a narka shi da ruwa kawai.

Na biyunsa raklet ne, abincin mutanen Valais. Sunan ya fito daga kalmar Faransanci mai ma'anar kankarewa. Ana raba babban curin cuku biyu, a kara fuskar da aka yanka kusa da wuta, idan ta narke ta fara tafasa sai a kankaro ta da wuƙa bisa dafaffen dankalin turawa, a haɗa da ƙananan albasa da kokwamba da aka jiƙa a ruwan tsami. Akwai roshti, gurzajjen dankali da ake soyawa ya zama kamar babbar waina, wanda asalinsa karin kumallon manoman Bern ne. Akwai taliyar makiyaya, wato makaroni da dankali da cuku da soyayyar albasa cikin tukunya guda, a ci da markaɗaɗɗiyar tufa. A jihar Graubünden kuma suna shanya naman sa a iskar tsauni har ya bushe, su yanka shi siriri kamar takarda. Duk Bahaushen da ya gan shi kilishi ne zai faɗo masa a rai.

In ka cire katako da fitilu da farashi, duk abincin nan na talakan makiyayi ne. Burodin da ya kwana, cukun da aka ajiye tun bara, dankalin rumbu, albasa, naman da aka busar domin babu wata hanyar ajiye shi. Abin da mutum zai ci ne a watannin da ƙasa ba ta ba da komai.

Makiyayin Alp, da zarar ƙanƙara ta narke wajen watan Mayu ko Yuni, yakan kora shanu sama zuwa makiyayar kan tsauni, ya bar ciyawar kwari a yanka a ajiye don lokacin sanyi. Wata uku zuwa huɗu yana can, shanu na cin ɗanyar ciyawa, madara ta yi yawa, kasuwa kuma tana nesa a ƙasa. Madara ba ta jira. Dole ya mayar da ita abin da zai iya ajiyewa ya kuma ɗauko a baya ko a kan alfadari. Shi ya sa curin Gruyère guda, mai nauyin kilo 35 ko kusa da haka, yakan cinye madara wajen lita 400, sannan ya yi aƙalla wata 5 a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi da laima, ana juya shi ana goga masa ruwan gishiri.

A nan Adar ma tafiyar ke nan, sai dai su sama suke hawa, mu arewa muke yi. Da ruwan farko ya sauka, manoman Ƙonni da Malbaza da Illela suka yi shuka, dole dabbobi su ba gonaki wuri. Garkunan Filani da na Buzaye sai su kama burtali, su wuce Tawa, su nufi Abalak da Cintabaradan, wasu har Ingal, inda ake taron shan gishirin dabbobi a watan Satumba. Tun shekarar 1961 dokar ƙasa ta ja layi ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, ba ta noma ba. Can a filayen Azawak ne saniyar da ta ɗauki sunan yankin take nuna abin da ya sa ake ce wa nagge daɗi goma. Masana kiwo suna lissafa Azawak cikin shanun da suka fi ba da madara a duk faɗin Sahel, shi ya sa gwamnati ta ware mata tashar Tukunus a yankin Filinge da gandun Ibesetan a jihar Tawa don a kiyaye irinta. A watan Agusta, ciyawa ta kai gwiwa, ƙore sun cika sun batse, gari mafi kusa kuma tafiyar yini ne ko fiye a kan jaki. Matsalar makiyayin Alp ce sak.

A wajenmu aikin cuku na mata ne. Da an gama tatsa, tun madarar na da ɗuminta, sai a zuba mata ɗan ruwan da aka jiƙa da busasshen cikin ɗan akuya ko ɗan tunkiya ko maraƙin da bai fara cin ciyawa ba. A cikin wannan ɓangare na ciki akwai sinadarin da ke sa madara ta daskare, kuma shi ɗin ne dai mutanen Suwis suke amfani da shi, daga cikin maraƙi. Idan ta kama, sai a ɗebo da ludayi a zuba bisa ɗan asabarin da aka saƙa da tsinken ciyawa, a baza da hannu, a danna, ruwan ya tsiyaye, a gyara gefuna ya zama mai kusurwa huɗu. Zanen da ake gani a jikin cuku sawun wannan asabarin ne. Daga nan sai shanya, a kan rumfa ko a kan reshen ƙaya inda awaki ba za su kai ba, kwana ɗaya ko biyu gwargwadon iska. Wannan ya bambanta da wagashi ko wara na Filanin Benin da ƙasar Yarabawa, wanda ake daskarar da shi da ruwan tumfafiya a kan wuta, ya fito da laushi, ba ya kuma daɗewa.

Sau da yawa nakan ji 'yan boko suna magana kamar cukunmu wani ƙoƙari ne da bai kai ga na Turawa ba. Wannan kuskure ne, kuma yana ba ni haushi. Curin kilo 35 yana buƙatar ɗaki mai sanyi da laima na tsawon watanni. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, irin wannan curin zai ruɓe daga ciki kafin ya nuna. Matar Azawak ta dubi abin da Allah ya ba ƙasarta, rana da busasshiyar iska, ta yi aiki da su: ta baza cukun siriri yadda ruwa zai fice da sauri kafin ɓaci ya shiga. Abin da ya fito ba shi da nauyi, ana jera shi ɗaya bisa ɗaya cikin jakar fata, ya yi watanni bai lalace ba. Ayarin raƙuman da ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri ya san darajarsa. Abzinawa sukan daka shi da gero da dabino, su dama da ruwa, su sami abin sha da ke riƙe mutum tun safe har faɗuwar rana. Wasu da shayi suke cinsa, wasu su daka shi cikin fura, wasu su ɗan kara shi a garwashi ya yi laushi ya fito da maiƙonsa. Wanda ya ci sabon cuku mai ɗumi daga kan garwashi a safiyar hunturu ba zai yi wa mai raklet hassada ba.

To me ya sa ɗaya ya zama abin alfaharin ƙasa, ɗaya kuma yake yawo a faranti cikin ƙurar tasha? Amsar ba ta cikin madarar. Tana cikin abin da mutane suka yarda su yi tare.

A wani ƙauye mai suna Törbel a jihar Valais, tun shekarar 1483 mazauna suka rubuta yarjejeniya a kan makiyayarsu ta tarayya, a 1517 kuma suka ƙara da cewa babu wanda zai kai shanu kan tsauni fiye da adadin da zai iya ciyarwa a lokacin sanyi. Wannan ƙauye yana cikin misalan da Elinor Ostrom ta yi nazari a kansu, matar da ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009 saboda ta nuna cewa jama'a na iya kula da dukiyar tarayya ba tare da sun cinye ta ba. A kwarin Justistal, har yau duk watan Satumba masu shanu suna taruwa a raba cukun da aka yi da madarar garken gari, kowa gwargwadon abin da saniyarsa ta bayar. A 1815 aka buɗe wurin yin cuku na farko na ƙauye a Kiesen, inda manoma ke kawo madara wuri guda, ƙwararre ɗaya ya sarrafa. Masu yin cukun L'Etivaz sun kafa ƙungiyarsu a 1932, suka ɗaure kansu da sharuɗɗa masu tsauri: daga 10 ga Mayu zuwa 10 ga Oktoba kawai ake yinsa, a kan tsauni, cikin tukunyar tagulla, bisa wutar itace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su kuwa sun rubuta hakan a takarda sun sa hannu.

Shi kansa fondu, da ake ɗauka abincin kaka da kakanni ne na dukan ƙasar, a da na wasu yankuna ne kawai, galibi masu jin Faransanci. Ƙungiyar dillalan cuku ta ƙasa, wadda ta rayu daga 1914 zuwa 1999, ita ce ta yi ta tallarsa tun daga shekarun 1930 domin a sami masu sayen cukun da ya yi yawa. Daga baya aka shigar da shi cikin abincin soja, samari suka koma gida da shi zuwa kowane lungu. Gwamnatin Suwis kuma har gobe tana biyan makiyayi kuɗi saboda ya hau da dabbobi kan tsauni, domin ta ɗauki kiwon nan a matsayin aikin da ke amfanar kowa. A watan Disamba na 2023 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta hawa tsauni da shanu cikin jerin al'adun duniya da ake karewa.

Gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela na kudancin Tawa ba su ne ke yin mafi yawan cuku ba, amma su ne ƙofarsa. A Tsarnawa, gabas kaɗan da Ƙonni, hanyar da ta fito daga Agadas da Abalak da Tawa take haɗuwa da babbar hanyar ƙasa ta ɗaya. Duk abin da ya sauko daga arewa ta nan yake bi, ko ya yi yamma zuwa Yamai, ko gabas zuwa Maraɗi, ko ya tsallaka iyaka zuwa Sakkwato. Kasuwar Badagishiri a gundumar Illela tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na jihar. A Galmi, cikin gundumar Malbaza, ake noma albasar da sunanta ya kai Abijan da Akara. A Ƙonni akwai filin noman rani na sama da hekta 2,000 da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango a kan kwarin Magiya, inda ake samun alkama da albasa da tumatir da kabeji. Motocin da ke ɗaukar siminti daga masana'antar Malbaza, da manyan motocin fasinja, da 'yan kasuwar iyaka, kullum suna tsayawa neman abin ci. Albasa, alkama, kilishi, cuku, man shanu, zogale, duk suna cikin tafiyar 'yan sa'o'i da juna. Abin da mai gidan abinci na Fribourg yake jerawa a tebur, kusan duk muna da takwaransa a nan.

Amma dubi teburin mai shayin da muka fara da shi. Madarar da yake zubawa ta gwangwani ce ko ta gari. Wani abin lura shi ne Suwis ta riga ta shigo girkinmu tun tuni ba tare da mun kira sunanta ba: Maggi da ke cikin kowace tukunyar miya sunan Julius Maggi ne, mutumin Suwis da ya kafa kamfaninsa a Kemptthal, Nido kuma na Nestlé ne, wanda hedkwatarsa ke Vevey a bakin tafkin Jeneba. Bayan waɗannan akwai buhunan garin madara masu kilo 25 da ke shigowa Afirka ta Yamma daga Turai, da yawansu an cire man shanun an maye shi da man ja, harajin shigowarsu kuma kashi 5 cikin ɗari ne kacal. Da wannan garin madara ake yin mafi yawan yogot ɗin leda da yara ke sha. A 2018 ƙungiyoyin makiyaya na yankin suka fara gangamin neman a fifita madarar gida saboda wannan. Ƙasar da ke da miliyoyin shanu tana shan shayi da madarar da ta ƙetaro teku, alhali a watan Agusta akwai rugagen da madara ke fin ƙarfin masu ita.

An fara motsi. A 'yan shekarun nan hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka 17, ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu, aka kuma yi wa cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi tambarin tarayya. Mataki ne mai kyau, ina kuma murna da shi. Sai dai takarda kaɗai ba ta tsare suna. Su kansu masu Gruyère, da suka sami kariyar sunansu a gida tun 2001, sun sha kaye a wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka a 2023, inda aka yanke cewa a can kowa na iya kiran cukunsa da wannan sunan. Abin da ya riƙe su shi ne mai saye ya san abin da zai tarar in ya yanka, yau da gobe da baɗi.

A nan ne aikinmu yake. Cukun da aka shanya a fili yana kwasar rairayi da ƙuda, wani ya yi kauri wani ya yi siriri, wani an rage masa mai an sayar da man daban. Ma'aikacin da ke Yamai yana son cuku, amma yana tsoron bai wa ɗansa. Maganin wannan ba ya buƙatar injin miliyoyi: akwatin shanya mai raga, tsabtataccen ruwan wanke ƙwarya, tace madara, ma'auni guda da ƙungiyar mata za ta amince da shi, da leda mai ɗauke da sunan garin da aka yi shi. Mafi girma daga wannan kuwa shi ne hanyar da saniyar za ta bi. Duk shekara gonaki na ƙara cin burtali, noma na ƙara haurawa arewacin layin 1961, rashin tsaro a arewacin Tawa da bakin iyaka ya sa wasu makiyaya sun sauya hanya ko sun sayar da garke. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon makiyayi haƙƙinsa ne. Hukumar raya ƙasashe ta Suwis ma ta shafe shekaru tana ba da kuɗin shata burtali da kafa masa alamu a Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Doso, kuma ba abin mamaki ba ne a ce mutanen da suka rubuta dokar makiyaya tun 1483 su ne suka ga muhimmancin wannan. Ranar da burtalin da ya haɗa Adar da Azawak ya toshe, farantin dattijuwar tasha zai zama wayam.

Abin da nake fatan gani a Ƙonni ko a mararrabar Tsarnawa ba ɗakin katako da ƙararrawar shanu ba ne. Rumfa ce mai tsabta da tabarmi da inuwa, inda matafiyi zai sauka a kawo masa cuku mai ɗumi daga garwashi, da gurasar alkamar Ƙonni, da soyayyar albasar Galmi, da kilishi, da dambun zogale da aka barbaɗa wa dakakken cuku, a rufe da shayi ko da fura mai dabino irin ta Abzinawa. A ce masa wannan na matan Abalak ne, wancan na Tabalak, na madarar saniya ne ko na akuya, an yi shi a watan kaza. Kuɗin da ya biya kuma wani kaso ya koma hannun wadda ta tatsa.

A ƙarshen Satumba, a garin Charmey na jihar Fribourg, ana yi wa shanu ado da furanni a ka, a rataya musu manyan ƙararrawa, gari ya fito bakin hanya yana kallon saukowarsu. Namu garkunan sukan jira a arewa har a gama girbi, hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki. Sannan ne za ka ga ƙura ta tashi ta wajen Badagishiri, jajayen shanu masu dogayen ƙaho a gaba, jakuna a baya ɗauke da ƙore da turaku da yara ƙanana, suna gangarowa kwarin Magiya cin karan dawa. A cikin kayan da ke bayan jakunan nan akwai cukun da aka yi tun watan Agusta, an ɗaure shi goma-goma, ana jiran ranar kasuwa.